Martani: Babbar Taya Ba Za Ta Ceci Motar Lantarki a Titin Bauchi Ba

Malam, na karanta maƙalarka da ta fito a wannan fili, wadda a ciki ka shawarci duk wanda ya sayi jif mai aiki da lantarki a Jos ya biya ta wurin masu taya tun kafin ya kai ta gida, a cire masa tayoyin kamfani a ɗaura manya. Ka ce batirin irin waɗannan motoci a shimfiɗe yake a ƙarƙashinsu, titunanmu kuwa ba irin na Turai ba ne, don haka wanda bai ɗaga motarsa ba wasa yake da dukiyarsa. Abin da ya dame ka gaskiya ne. Duk mai bin Titin Bauchi, tun daga wajen Taminus, ya wuce tasha da ƙofar Jami'ar Jos, har ya fita gari ta Babale, ya san abin da damina ke yi wa kwalta, ya kuma san tudun rage gudun da ake ginawa a unguwanni ba tare da awo ba. Batir kuma shi ne abu mafi tsada a jikin motar. Sai dai ina tsoron shawararka za ta sa garin neman gira a rasa ido, kuma tunda akwai waɗanda za su karanta su tafi su aikata, ya zama dole a mayar maka da martani a inda ka yi maganar.

Mu fara da awo, shi ne zai raba gardama. Zan ɗauki Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka ƙaddamar a ƙarshen 2020, hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, kuma ta gabatar da ita a Abuja a farkon 2021, zamanin shugabancin Jelani Aliyu. A gefen tayar da take zuwa da ita an rubuta 215/55 R17. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tana gaya maka cewa kaurin robar da ke tsakanin rim da ƙasa kashi 55 cikin ɗari ne na wancan faɗin, wato wajen milimita 118. Ta uku girman rim ne da inci. In aka haɗa duka, tsayin tayar milimita 668 ne.

To a ce mai motar ya bi maganarka aka sa masa 235/65 R17, girman da ba ya wahalar samu saboda jif-jif masu fetur da yawa da shi suke tafiya. Tsayin wannan milimita 737 ne. An ƙara 69, fiye da kashi goma cikin ɗari. Amma motar da rabin wannan kawai za ta ɗagu, domin ɗaya rabin a sama yake, ya cusa kai cikin madigadi. Abin da batir ya samu kusan santimita uku da rabi ne. Haɗa yatsunka biyu ka dubi faɗinsu, iyakar tsayin da aka saya ke nan. Rami mai zurfin taƙi guda da zai kai ga batir jiya, zai kai gare shi yau ma. In kuwa aka tsaya a ƙarin da masu sana'ar taya suka amince da shi, wanda bai wuce kashi uku cikin ɗari ba, santimita ɗaya tak za a samu.

Yanzu mu duba abin da aka biya, domin a nan ne na ga ka auna motar lantarki da mudun motar fetur. Babban batirin Kona yana ɗaukar kilowat-awa 64. Litar fetur guda tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin kilowat-awa tara. Ashe duk abin da ke cikin batirin nan, in ya cika maƙil, bai wuce ƙarfin lita bakwai na fetur ba, kuma da shi ne aka ce motar za ta yi kilomita 482 a gwaji. Sirrin abin shi ne rashin ɓarna. Injin fetur yana zubar da kashi biyu cikin uku na man da ya sha, ko ma fiye, ya fita da zafi ta salansa da lagireto. Motar lantarki kuwa mafi yawan abin da ta ja daga batir yana isa ƙafa. Tunda haka ne, manyan masu cin cajinta biyu ne, iska da taya. Mai Prado in ya ɗaura taya mai faɗi da manyan haƙora, ƙarin man da zai sha yakan saje cikin ɓarnar da injinsa ya saba yi, ga tanki babba, ga gidan mai ko'ina. Mai lantarki asararsa a fili take. Faɗin taya yana ƙara tare iska, nauyinta da haƙoranta suna ƙara turjiya a kan kwalta, motar da aka ɗaga kuma iska ta fi shiga ƙarƙashinta, duk kuwa daga batir ake cirewa.

Masu ƙera motocin da kansu sun faɗi haka. Kamfanin Rivian na Amurka, mai yin R1S, jif ɗin lantarki da aka ƙera musamman don shiga daji, ya gaya wa masu saye cewa zaɓen tayar daji mai haƙora yana rage nisan tafiya da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Tesla Model Y ta 2022 an rubuta mata mil 330 da rim mai inci 19, da mai inci 20 kuma mil 318, alhali tsayin tayoyin biyu ɗaya ne. Ka lura, waɗannan tayoyi ne da injiniyoyin kamfani suka gwada, suka saita kwamfutar motar a kansu, ba waɗanda aka tsinto a kasuwa ba. In muka ɗauki ma'aunin Rivian muka ɗora wa Kona, kilomita 48 zuwa 72 ne za su salwanta a kowane caji.

Wani zai ce ai kilomita hamsin ba wani abu ba ne. Wanda ya san hanyar nan ba zai ce haka ba. Jos a kan tudu take, sama da mita 1,200 daga teku, Bauchi kuwa wajen mita 600, tsakaninsu kimanin kilomita 130. Zuwa gangara ce. Ka wuce Tilden Fulani, ka wuce Magama Gumau da Nabordo, ka hango dutsen Zaranda, batir kamar ba ya motsi, saboda duk sa'ad da ka ɗaga ƙafa motar tana mayar da wuta cikinsa. Direba sai ya saki jiki. A dawowa ake biyan bashin. Hawa da mota mai nauyin tan biyu, in an haɗa da mutane da kaya, zuwa tsayin mita 600 yana cin fiye da kilowat-awa uku ban da abin da tafiyar kanta ke ci, kusan kashi biyar cikin ɗari na batirin Kona ke nan a kan hawa kaɗai. Ƙara da na'urar sanyi a zafin Bauchi, da gudu, da batirin da ya fara tsufa in motar ta hannu ce. Kilomita 482 ɗin nan na takarda sun riga sun zaftare kafin a taɓa taya. Wanda ya sake cire hamsin ko saba'in a kai, a tafiyar kilomita 260 zuwa da dawowa, ya cinye rarar da zai dogara da ita ranar da aka tare hanya ko wata lalura ta sa ya ratse. Mai fetur in mansa ya ƙare a Nabordo, ga 'yan bumburutu a bakin titi da galan. Lantarki ba a sayar da shi a galan. Sai dai a nemo motar ɗaukar mota, don masu ƙera irin waɗannan motoci sun hana a ja su da igiya ƙafafunsu na juyawa a ƙasa.

Kuɗin wutar kansa ba shi ne abin tsoro ba. Ko da farashin naira 225 kan kowace kilowat-awa da aka sa wa masu rukunin A a Afrilun 2024, cika batirin nan naira 14,400 ne, kashi gomansa bai kai 1,500 ba. Lokaci ne mai tsadar. Na'urar caji ta bango mai kilowat bakwai tana ɗaukar fiye da awa tara kafin ta cika Kona. Kashi goman da aka zubar a taya kusan awa guda ce ta tsayayyiyar wuta, a soket na gida kuwa wajen awa uku. Duk mai zaman jiran a kawo wuta a garin nan ya san darajar awa uku.

Ka kuma kawo wata hujja da ni ma na sha ji a bakin kanikawa, wai babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, saboda haka caji ɗaya zai kai mutum nesa. Batir ba ya ƙirga juyi, aiki yake biya. In tsayin taya ya ƙaru, yawan juyinta zai ragu, amma kowane juyi sai ya nemi ƙarin ƙarfi daidai gwargwadon ragin. Babu riba ko ta sisi. Abin da ake samu a zahiri shi ne maleji ya fara ƙarya. Kwamfutar mota da juyin ƙafa take lissafin gudu da nisa, kuma a zatonta tayar kamfani ce har yanzu a ɗaure. Inda a da maleji ya nuna 100 mota tana 100, yanzu tana 110. Tazarar tsayawa kuma ba kafaɗa da kafaɗa take tafiya da gudu ba, ta fi shi saurin ƙaruwa: ƙarin kashi goma a gudu ƙarin kashi 21 ne a tazarar birki. A ƙofar jami'a, inda ɗalibai ke tsallaka titi, keke napep na tsayawa ba sigina, masu talla na bin motoci, wannan tazarar ran ɗan Adam ce. Iyakar gudun da hukumar kiyaye haɗurra ta sa wa ƙananan motoci a cikin gari kilomita 50 ne a awa, mai babbar taya zai keta ta yana rantsuwa bai keta ba.

Batun ƙarfi kuwa, gaskiyarka ne, motar lantarki ba za ta yi kuka ba. Shirun ne ma haɗarin. Injin fetur in an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa za ka ji yana gurnani, giya ta sauka ta agaza masa. Kona da akasarin 'yan'uwanta giya ɗaya gare su, wadda aka zaɓa daidai da tayar kamfani, babu ta ƙasa da za a koma a hawa. Motar za ta ja ƙarin wuta ne shiru, ta ƙara zafi. A gangara kuma, riƙon da take yi da kanta in an ɗaga ƙafa yana raguwa gwargwadon ƙarin tsayin taya, sai a ƙara dogara da birkin ƙafa a motar da ta fi 'yar'uwarta mai fetur nauyi da ɗaruruwan kilo. Wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo da lodi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na'urar da ke hana ƙafa ƙamewa in an taka birki, da wadda ke daidaita mota a kwana, duk da girman tayar kamfani aka saita su. Tayar daji tana da amfaninta a laka da burji, amma a jiƙaƙƙiyar kwalta ta fi tayar titi santsi, mu kuwa a Jos muna cikin ruwa daga Afrilu har Oktoba.

Masu Hilux sun daɗe suna yi, in ji ka. Sun daɗe. Amma Hilux an bar mata fili a madigadi, don an san gona za ta shiga da hanyar haƙar kuza. Jif ɗin lantarki da gangan aka matse madigadinta saboda iska ta wuce salin-alin. Ga gwajin da kowa zai iya yi a gaban shagon mai taya. Bayan an ɗaura, kada a duba motar tana tsaye wayam. A zaunar da mutum huɗu, a sa buhun dankali a but, a murɗa sitiyari har ƙarshe, sannan a durƙusa a zura hannu tsakanin taya da baƙar robar da ta lulluɓe cikin madigadi. Na ga wadda hannu bai shiga ba. Ba a daɗe ba robar ta yi fari-fari ta huje, kafaɗar tayar kuma ta yi sheƙi a zagaye, alamar gugar da take yi duk sa'ad da aka faɗa rami. Maganin da aka ba mai ita shi ne a sa wuƙa a yanke robar. Robar nan kuwa ita ke tare ruwa da tsakuwa daga wayoyi da bututu, a motar lantarki kuma akwai wayoyi masu launin ruwan goro da ke ɗauke da wuta ta ɗaruruwan bolt, waɗanda ko ƙwarzane ba a so a jikinsu.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne inda ka ce manyan tayoyi sun fi araha da sauƙin samu. Mun san inda arahar take fitowa. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, muka koma dogara da tayoyin waje. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge a bakin titi, an shafe su da baƙin mai suna ƙyalli a rana. Sabbin manyan tayoyi huɗu masu inganci kuɗi ne masu yawa, mutumin da aka gaya wa girma kawai yake buƙata 'yan Beljiyam zai ɗauka. Ko sau ɗaya ba ka gaya masa ya duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan harufan DOT ba, masu nuna mako da shekarar da aka yi tayar: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta haura shekara huɗu. Ba mu manta da 6 ga Maris 2016 ba, ranar da ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar jif ɗinsu ta fashe motar ta wuntsila. Motar fetur ce, amma abin da taya guda ke yi wa doguwar mota mai nauyi a guje duk ɗaya ne. Ga shi kuma motocin lantarki da yawa ba sa zuwa da safaya.

Wasu matasan da za su karanta ka ma babban rim za su nema, inci 19 ko 20 mai walƙiya, da siririyar roba a kansa. A titinmu wannan ya fi komai muni. Robar gefe ita ke shanye duka, in ta sirance rami ɗaya ya isa ya kumbura gefen taya ko ya lanƙwasa rim, ragowar dukan ya wuce zuwa shokozoba. Siririyar taya kuma sau da yawa lambar nauyinta ƙarama ce. Lambar tana nan bayan girman taya: ta Kona 94 ce, ma'ana kowace taya za ta ɗauki kilo 670. Mai lamba 91 kilo 615 take ɗauka. Ba a sauka ƙasa da lambar kamfani a motar da ke ɗauke da batir.

In kare mota ake so, a ƙara kaurin roba a bar tsayi yadda yake. Taya mai lamba 215/60 R16 tsayinta milimita 664 ne, kusan daidai da ta kamfani, amma gefenta 129 ne maimakon 118. In rim mai inci 16 ya zauna a kan birkin motar ba guga, dillali kuma ya tabbatar, to maleji ba zai yi ƙarya ba, caji ba zai zube ba, rami kuma ya sami abin da zai daka kafin ya kai ga ƙarfe. Wanda ya ce lallai sai ya ɗan ɗaga, kada ƙarin tsayin tayar ya wuce kashi uku cikin ɗari, shi ma sai an yi gwajin hannun nan. Sauran kariyar a ɗabi'a take. A rage gudu sosai a tudu, a hau shi a karkace. A ɗaga motar bayan damina a duba faifan da ke rufe batir. A tsaya a kan mai faci sa'ad da zai kafa jak, domin jak ɗin da aka kafa ba a gurbinsa ba yana lotsa batir kamar yadda dutse zai yi. A auna iska da safe taya tana da sanyi, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, musamman da hunturu, lokacin da sanyin Jos ke rage ta. Wanda kuma hanyarsa kullum ta gonakin Bokkos ko Mangu ce, ya nemi motar da aka ƙera da tsayi tun asali, ko ya riƙe Hilux ɗinsa.

Ka rufe da cewa ƙa'idar kamfani ta Turawa ce, mu namu titin daban. Titi daban ne, amma lissafin nauyi da juyi da turjiya ba ya canzawa in an hau Filato. Ranar da matsala ta taso a ƙafa ko a giya, abin da dillali zai fara dubawa taya ce, kuma yana iya ƙin ɗaukar nauyin gyara in ya ga an canza girma.

Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, mutane da yawa suka fara waiwayar motar lantarki, kuma a kan abin da ya sami 'yan farkon nan ne sauran za su yanke hukunci. In ɗaya ta mutu a Magama da magariba saboda tayar da aka ɗaura mata, ba wanda zai zargi taya, lantarkin za a zarga. Don haka ina roƙonka, Malam, ka dawo wannan fili ka janye shawarar nan, ko ka gyara ta da lambobi. Kai kuma mai mota, kada ka bari a kwance tayar kamfani sai ka lissafa tsayin sabuwar, ka ga bai wuce kashi uku cikin ɗari ba, ka duba lambar nauyinta da shekarar da aka yi ta.